Yadda ake cin huoguo a ƙaramin gidan abinci na unguwa a ƙasar Sin

Duk wanda kasuwanci ko karatu ya kai ƙasar Sin, ko mai sarin kaya ne a Guangzhou da Yiwu, ko ɗalibi a Beijing ko Xi'an, ba zai daɗe ba wani Basine zai ce masa a je a ci huoguo, wato abincin da masu ci ke dafawa da kansu a tukunyar romo a kan tebur. Mutanenmu da yawa sukan zille. Wani ya ce cikinsa ke ciwo, wani ya ce ya bar baƙo a masauki, alhali abin da ke ransa biyu ne: tsoron abin da za a sa masa a gaba, da kunyar ya zauna bai san ta inda ake farawa ba. Tsoron yana da dalili, kuma a kansa zan fi daɗewa. Kunyar kuwa zama ɗaya ke maganinta.

Tsarin abin shi ne tebur mai murhu a tsakiya, na gas ko na lantarki ko na gawayi, da tukunyar romo tana tafasa a kai. Ba a kawo maka dafaffen abinci. Ɗanyen nama ake kawowa a faranti, da ganye, da awara, da taliya, ku da kanku ku riƙa tsomawa kuna cirewa kuna ci. Kai ne mai girkin, kuma tukunyar ta kowa da kowa ce. Duk sauran ƙa'idojin daga nan suka fito.

Ina magana ne a kan ƙananan gidajen unguwa, masu tebur goma ko sha biyar, waɗanda mai gidan ke zaune a bakin kanta yana karɓar kuɗi. Manyan kamfanoni irin Haidilao suna da ma'aikacin da zai tsaya a kanka ya nuna maka komai. A na unguwa babu wannan, amma sun fi araha, kuma sau da yawa sun fi daɗi.

Maganar halal a bakin ƙofa ake gama ta

A sauran gidajen abinci kana iya zaɓar farantin da ya halatta ka bar sauran. A nan ba ya yiwuwa, domin duk abin da wani ya jefa cikin tukunya ya shiga abincinka. Saboda haka kafin ka taka ƙofa, ɗaga kai ka nemi waɗannan haruffa biyu a jikin allo: 清真. Ana furta su kamar “cing-jen”, kuma su ne alamar abincin Musulmi a ƙasar. Ka ajiye hotonsu a wayarka. Allon yakan zama kore. Kada ka dogara da ganin rubutun Larabci, domin tun wajen 2019 an sauke shi daga allunan gidajen abinci da dama a Beijing da wasu birane, an bar na Sinanci kaɗai. Masu irin waɗannan wurare galibi Musulmi ne 'yan ƙabilar Hui, za ka ga maza da farar hula, mata da ɗankwali. Ka yi musu sallama, za su amsa. Wasu daga cikin gidajen suna sayar wa baƙi giya duk da alamar da ke ƙofarsu. Wannan ya rage naka ka duba ko za ka iya zama.

Ga dalilin da na matsa a kan wannan. A gidan da ba na Musulmi ba, farin romon nan da ake ce masa na ƙashi yawanci da ƙashin alade ake dafa shi. Jan romon birnin Chongqing da kitsen shanu ake yinsa, amma akan zuba masa giyar girki da tsimammiyar shinkafa tun wurin soya kayan yajin. A jerin abincin akwai daskararren jinin agwagwa, da ƙwaƙwalwar alade, da naman gwangwani na alade. Har ƙwallayen naman da aka rubuta na shanu ne, da niƙaƙƙen jatan lande, ana yawan haɗa su da kitsen alade don su yi laushi. Ga kuma maganar yanka, wadda ba ka da hanyar sani.

Wani abokin hulɗa, da kyakkyawar niyya, zai ce a kawo tukunya mai rabi biyu, kai ka ci a gefe ɗaya su su ci a ɗayan. A ganina wannan ba mafita ba ce. Idan romo ya tafasa yana fallatsa ta saman shingen, kuma hira na yin daɗi wani zai manta ya tsoma ludayin can a nan. Abin da ya fi shi ne ka faɗa tun da wuri cewa kai Musulmi ne, ka nemi a je gidan cing-jen. Sinawa sun san da Musulmi a cikinsu tun fiye da shekara dubu, ba baƙon zance ba ne a wurinsu, kuma mai gayyata ya fi son ya ga baƙonsa yana ci da ya gan shi yana juya ganye a kwano. A Beijing, unguwar Niujie, inda tsohon masallacin nan da aka fara ginawa a 996 yake, cike take da irin waɗannan gidaje. A Guangzhou ka duba wajen Xiaobei da kewayen masallacin Huaisheng.

Wace tukunya?

Iri uku za ka fi gamuwa da su. Akwai ta Beijing, tukunyar tagulla mai bututu a tsakiya cike da garwashin gawayi, romonta kusan ruwa ne zalla da citta da lawashi da 'yan jajayen busassun 'ya'yan itace, namanta kuma na rago. Wannan ita ce ta fi alaƙa da Musulmi. Shahararren gidan nan Donglaishun wani Musulmi ne ya fara shi a Beijing a 1903. Akwai ta Chongqing da Sichuan, ja wur da barkono da kitse, wadda ta samo asali daga 'yan dako da matuƙa jiragen ruwa na bakin kogin Yangtze da Jialing, masu dafa kayan cikin sa don shi ne mai araha. Sai ta Chaoshan a lardin Guangdong, farin romon sa da naman da aka yanka a ranar, ana yanko shi gaɓa-gaɓa a gabanka.

Idan zuwanka na farko ne kuma akwai zaɓi, ka ce a kawo mai rabi biyu, wato yuwan-yang: gefe ja, gefe fari ko na tumatir. Za a tambaye ka ƙarfin yaji. Ka ce “wei la”, kaɗan ke nan. Na san Bahaushe bai cika tsoron barkono ba, amma wannan romon yana ƙara zafi ne yayin da yake ƙonewa, abin da ka ɗanɗana a farko ba shi za ka tarar bayan awa ɗaya ba. Ban da haka akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu suna huajiao, dangin fasaƙwari ne, da ke sa leɓe da harshe su yi zir-zir kamar sun mutu. Ba cuta ba ce, haka ake so, kuma yana wucewa. Ka dai riƙa kakkaɓe su daga jikin nama kafin ka kai baki.

Zama da yin oda

Ku je ku uku zuwa shida. Mutum ɗaya ba zai iya cin iri da yawa ba, taro mai yawa kuma hannu ba ya kaiwa tukunya. Daga ƙarfe shida zuwa takwas na yamma wuraren kan cika, musamman lokacin sanyi, sai an ba ka lamba ka jira a kan kujerar roba a waje. In ka je biyar da rabi ka huta da layi. Kada ka sa babbar riga ko farar shadda. Hannun riga mai faɗi haɗari ne kusa da wuta, kuma jan mai idan ya ɗiga ba ya fita da sauƙi. Yawancin gidajen suna ba da ƙyallen ɗaurawa a ƙirji, ka karɓa ka ɗaura, manyan mutane ma suna ɗaurawa. Mata su tattare gefen mayafi su soke shi. Jaka da rigar sanyi a sa a ƙarƙashin kujera ko cikin kwandon da aka tanada.

Idan ka tarar da kwano da kofi a naɗe cikin leda, akan caji yuwan (kuɗin ƙasar Sin) ɗaya ko biyu a kansu. A Guangzhou za ka ga ana ɗauraye su da ruwan shayi mai zafi ana zubarwa a wani babban kwano. Al'adar garin ce, ka yi yadda suka yi.

Oda iri biyu ce. Ko a miƙo maka takarda da fensir ka yi alama a gaban abin da kake so, ko ka ɗauki tambarin da ke manne a tebur da manhajar WeChat jerin ya fito a wayarka da hotuna. In takarda ce, manhajar fassara ta kyamara za ta fitar da kai. Kuɗin romo daban yake da na faranti. Ga mutum huɗu, ku fara da faranti huɗu ko biyar na nama, ɗaya na tumbi, biyu na ganye, ɗaya na awara, ɗaya na laimar kwaɗi, ɗaya na dankali, sai taliya a ƙarshe. Kada ku cika tebur tun farko. Ana iya ƙarawa kowane lokaci, amma ɗanyen naman da aka kawo ba ya komawa. Wurare da yawa suna ba da rabin faranti, ana cewa “ban fen”, kuma da shi za ku ɗanɗana abubuwa da yawa ba tare da asara ba. Mai gidan “lawban” ake kiransa, ma'aikaci kuma “fu-wu-yuwan”, kuma ɗaga murya a kira su ba rashin kunya ba ne a irin wannan wuri.

A gidan rago na Beijing, ka nemi faranti ɗaya na wanda aka yanka da hannu, ban da naɗaɗɗen nan na firji da inji ke yankawa. Za a kawo shi a shimfiɗe, siriri kamar naman kilishi kafin a shanya shi. Masu gidan da suka yarda da kayansu sukan karkata farantin ya tsaya a tsaye a gabanka: naman ba ya zamewa, kuma in ka ɗauke shi babu jini ko ruwa kwance a ƙasa. Alamar sabon nama ke nan wanda ba a yi masa allurar ruwa ba.

Kwanon dangwale

Kafin romo ya tafasa, ka je teburin kayan haɗi ka haɗa abin da za ka riƙa dangwala nama a ciki. Sabon zuwa yakan ɗebi komai da komai har ya rasa ɗanɗanon ko ɗaya. Kowace tukunya da abokin tafiyarta. Ta Beijing tana tafiya da kwaɓaɓɓen riɗi mai kauri, a ɗiga masa ɗan man barkono, da tsimammiyar awara ja, da niƙaƙƙen furen wani ganye ɗan uwan albasa mai gishiri; kaɗan ake sa na ƙarshen nan. Jar tukunya kuwa man riɗi zalla take so da dakakkiyar tafarnuwa da lawashi. Za ka yi mamakin a ciro nama daga mai a sake tsoma shi cikin mai, amma man riɗin yana sanyaya shi, yana kuma wanke rabin yajin. Ta Chaoshan da wani haɗi mai suna shaca ake cinta, akwai busasshen kifi da jatan lande da gyaɗa a ciki, don haka wanda jikinsa ba ya son ɗayansu ya kiyaye.

Dahuwar kanta

Ka jira sai romon ya tafasa sosai. Idan jar tukunya ce, gefen jan zai riga farin tafasa saboda man da ya rufe samansa. Mai son shan romo ya ɗebi na farin gefen yanzu, kafin nama ya shiga. Jan ba a shansa sam.

Nama ake fara sawa. A tukunyar rago, masana sukan fara jefa 'yan yankan kitsen wutsiya don ruwan ya yi maiƙo, sannan sauran su biyo. Ka ɗauki yanka ɗaya ko biyu da tsinke, wato 'yan sandunan nan biyu da Sinawa ke cin abinci da su, ka tsoma a inda ruwa ya fi tafasa, ka riƙe shi kana ɗan kaɗawa. Da jan ya ɓace ya koma ruwan toka, ya nuna. Wannan bai fi daƙiƙa goma sha biyar zuwa ashirin ba ga siririn yanka. Ka ciro, ka dangwala, ka ɗan jira ya huce, ka ci. Mu mun saba da naman da ya daɗe a wuta, shi ya sa hannu yakan so ya sake shi ya yi ta dahuwa. In ka yi haka zai ƙanƙance ya yi tauri, kuma ka yi asarar abin da ka biya kuɗi dominsa. Haka nan kada a juye faranti guda a tukunya lokaci ɗaya: tafasar za ta mutu, naman ya dunƙule, wani ya yi tauri wani bai nuna ba. A tukunyar tagulla ka kula kada nama ya taɓa bututun tsakiya, nan take yake mannewa ya ƙone.

Tumbin sa shi ne sarkin jar tukunya, kuma yana da ƙa'idarsa da Sinawa ke cewa bakwai sama takwas ƙasa. Ka kama shi da tsinke, ka tsoma ka ɗaga, ka tsoma ka ɗaga, kimanin daƙiƙa goma sha biyar, sai ka ga ya ɗan lanƙwashe ƙurajen jikinsa sun miƙe. A nan yake garas-garas. Ka ƙara minti ɗaya, sai dai ka yi ta tauna.

Wannan gaggawar ta siririn naman sa da rago da tumbi ce kawai. Kaza, kifi mai kauri, jatan lande da ƙwallayen nama dole su nuna har ciki. Ƙwallayen sukan taso sama, ka ƙara musu minti biyu bayan sun taso, ka fasa ɗaya ka duba. Laimar kwaɗi ma a bar ta minti biyar, ba a cinta da ɗanye-ɗanye. Masara da yankan dankali mai kauri a jefa su da wuri a manta da su na ɗan lokaci, amma dankalin Turawa in ya wuce minti biyar sai ya narke ya kama gindin tukunya. Irin waɗannan da ake saki a ciki da ƙaramin matsami ake kamo su, kuma wanda bai iya riƙon tsinke ba ya sa namansa ma a cikin matsamin ya tsoma. Babu wanda zai yi maka dariya, 'yan Chaoshan da kansu haka suke dafa nasu. Cokali mai yatsu ba kowane gida ke da shi ba, amma ba laifi ka tambaya.

Ganye da awara a farin gefe ake sa su. Kabejin Sin da soyayyar awara da daskararriyar awara mai ramuka suna shan mai, idan suka fito daga jan romo sai su fi naman yaji nesa ba kusa ba, kuma su ne ke sa sabon zuwa tari da hawaye. Ganye minti ɗaya ya ishe shi. Taliya ita ce ta ƙarshe, domin garinta yana kaurara romo, bayanta ba abin da zai dahu da kyau.

Abu biyu za ka riƙa lura da su. Kumfar da ke taruwa a sama a kwashe ta da ludayi a zuba a kwanon da ba kowa. Idan ruwa ya ja baya, ka ce “jiya tang”, za a zo da buta a ƙara, kyauta ne. Ka jira ya sake tafasa kafin ka sa wani abu. Idan kuma tukunyar gawayi ce a ƙaramin ɗaki, kada a rufe taga ruf. Iskar da garwashin gawayi ke fitarwa ba ta wari amma tana kisa, wanda ya ji kansa na sarawa ko jiri ya fita ya sha iska nan da nan, a kuma faɗa wa mai gida.

Zaman tare

Tsinken da ya taɓa ɗanyen nama bai kamata ya shiga bakinka ba. Akan ajiye wasu dogaye na kowa da kowa, gung-kwai, don ɗaukar ɗanye. Naka na ci daban. In ba a kawo ba ka nema. Kada ka kwashe abin da wani ya sa yana jira, kada ka yi ta lalube a tukunya da tsinken da ka lasa, kuma kada ka kafa tsinke a tsaye cikin shinkafa, domin a wurinsu ya yi kama da turaren da ake kunna wa mamaci. Idan mai gayyata ya ciro nama ya sa maka a kwano, girmamawa ce, ka karɓa ka gode, kai ma ka sa wa babban da ke teburin. In ana ɗaga kofi ana gaisawa, ka ɗaga naka na shayi, ka ɗan saukar da bakinsa ƙasa da na wanda ya girme ka.

Abin sha, ka nemi suanmeitang, wani baƙin jiƙo mai tsami da zaƙi, ko madarar waken suya mai sanyi, ko shayin gwangwani na Wanglaoji. Ruwa zalla ba ya kashe wannan yajin. A gidan rago kada ka bari a tashi ba ka ci tafarnuwar da aka jiƙa a sukari ba, da ƙaramar gurasar riɗi mai suna shaobing. Su ke yanke maiƙon. Mai hawan jini ko ciwon gaɓoɓin da ke tashi bayan cin nama ya bar romon ƙarshe, gishiri da duk abin da ya fita daga naman a nan suka taru. Mai gyambon ciki ya tsaya a farin gefe.

Zaman yakan ci awa ɗaya da rabi zuwa biyu, don haka ka yi sallar magariba kafin ka shiga, ko ka tambayi mai gidan inda za ka yi. A gidan Musulmi ba a rasa ɗan wuri.

Idan an gama, a kashe wuta, a nemi lissafin kuɗi, a ce “mai dan”. Gidan unguwa yakan kama wajen yuwan ɗari ga mutum ɗaya, ya ɗan haura ko ya ɗan gaza gwargwadon gari da yawan naman da aka ci. Kusan kowa da WeChat ko Alipay yake biya, kuma tun 2023 baƙo na iya haɗa katin bankinsa na waje da su, sai dai ka gwada naka tun kana masauki. Ka riƙe 'yan kuɗi a aljihu, ƙananan takardu, don ba kullum ake samun canji ba. Ba a ba ma'aikaci tukuici, in ka bari a tebur za a biyo ka da shi. Wanda ya yi gayyata shi ke biya, za ka ga ana ja-in-ja a gaban kanta kowa na cewa shi zai biya. Ka nuna niyya sau ɗaya ko biyu, ka bar masa, sannan kai ma ka gayyace shi wani karon. Ɗalibai dai raba kuɗin suke yi daidai. Ka duba takardar lissafin, in akwai farantin da aka rubuta ba a kawo ba ka nuna, za a cire. Kayan da ka sa kuma ka rataye su a waje su kwana, ƙamshin kitse da barkono ba ya barin tufa a dare ɗaya, kuma in da safe kana da ganawa a masana'anta ko jirgin da za ka hau, ka tsaya a “wei la” ko da abokan zama sun zuga ka.